Kayen Malam Mahamane da Na Wanke da Hannuna

Jawabin Hajiya Kubura, shugabar mata, a taron addu'ar arba'in na marigayi Malam Mahamane, Greensboro

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Malam Liman Uwaisu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Alhaji Surajo, shugaban ƙungiyarmu, da dattawan kwamiti. Iyayenmu da suka taso daga Raleigh da Charlotte tun da safe, sannunku da hanya. 'Yan'uwanmu mutanen Nijar da mutanen Gana. Anti Memunatu 'yar Kumasi, matar marigayi, da ɗansa Chamsou, da dangin da ke saurarenmu ta waya daga Maraɗi da Kumasi. Mata 'yan'uwana. Sai ku yara da kuka taru can baya kusa da ƙofa, ku kifa wayoyinku a cinya, maganar nan har da ku ake yi. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na ga yadda wasu suka kalli juna da aka kira sunana. Ba ku yi laifi ba. Duk wanda ya shekara biyar a garin nan ya san abin da ya shiga tsakanina da mutumin da muka taru dominsa. Ba kwamiti ne ya zaɓe ni ba, Anti Memunatu ce. Ranar sadakar uku na jira mutane suka ragu, na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini, ta kuma yafe mini a madadin mijinta. Ta dube ni. Can ta ce, "Kubura, a ɗaki kika ɓata shi?" Na ce a'a. Ta ce, "To kar ki zo mini ɗaki. Inda kika zuba, can za ki je ki kwashe. In kin gama, sai in ji abin da zuciyata za ta ce." Shi ya sa nake tsaye a gabanku. Na zo neman yafiyar da ba ni da tabbacin zan samu, kuma na zo in mayar wa mutum sunansa. Amma haƙƙin mamaci ne a fara da alherinsa, don haka da shi zan fara.

Ya kasance mutumin da ya zo da ilimin da ƙasar nan ta ƙi karɓa, shi kuma ya ƙi barinsa ya ruɓe. Ɗan Maraɗi ne. Yana saurayi aka tura shi Rasha ya karanta likitancin dabbobi, ya zauna can shekara goma sha huɗu, har ƙasar ta sake suna yana cikinta. Da ya iso nan aka ce takardunsa ba za su yi aiki ba sai ya koma aji. Bai koma ba. Ya kama gyaran injin ɗaga kaya a wani sito, ya yi shekara ashirin da biyu a wurin, baƙin mai bai taɓa fita daga farcensa ba. Amma duk shekara in Babbar Sallah ta matso, sai likita ya dawo.

Kafin zuwansa, layya a garin nan sa'a ce. Maza su tafi gonakin bayan gari, mai gona ya nuna musu abin da ya ga dama, su dawo da ɗan tunkiyar da bai kai ba, ko tsohon bunsurun da ya kusa girme musu. Malam Mahamane ya riƙa ɗaukar hutun kwana uku, ya shiga gaba da tsohuwar motarsa, motoci goma sha suna biye. Ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafa, ya leƙa kunne, ya ja fatar ido. Abin da ya ce a'a, to a'a ne. Ga Alhaji Surajo nan, da bakinsa ya ba mu labari. Wata shekara ya kama wani ƙaton rago mai ƙaho kamar an naɗa masa rawani, har ya ɗauki hoto ya aika wa Hajiyarsa. Malam ya zagaya ragon sau ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan da ido ɗaya yake kallonka." Alhaji ya ce, "Haba Malam, dubi girma." Ya ce, "Bon, saye shi ka yi kilishi ka sam mini. Amma ranar Sallah kar ka ce da Allah ni na zaɓa maka." Shekara ashirin muna cin naman layya hankali kwance, kuma da yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun ce masa sannu ba.

Ya kasance bakinmu a wuraren da bakinmu ke mutuwa. Harshe huɗu ne a kansa. Tsohuwa ta zo daga Damagaram ganin jikoki, ciwo ya kama ta, likita na tambaya tana kallonsa, Malam ake kira. Baƙo ya sauka ba ya jin komai sai Faransanci, Malam ke zaunar da shi a mota ya zagaya da shi ofis-ofis, ya nuna masa bas ɗin da zai hau da wanda zai ɓatar da shi. Ba ya gaya wa kowa abin da ya ji a ɗakin likita. Sirrin gidaje da yawa a ɗakin nan ya tafi da shi ƙasa.

Ya kasance mai wankan gawarmu. Mu nan ba mu da unguwa, ba mu da tsofaffin da suka gaji wannan aiki. Namiji ya rasu, lamba ɗaya ake kira. Ya bar aiki ya zo da jakarsa, da likkafani a yanke, da kafur, da garin magarya. Shekara biyar da suka wuce, shi ya wanke maigidana, Alhaji Haidar. Da ya gama ya aiko mini da ragowar garin magaryar a ƙulle cikin leda, ya ce in adana, abu ne mai wuyar samu a nan.

Ban zo in ce waliyyi ba ne. Ba na yabon da zai sa a tambayi mamaci a kabari, "Haka kake?" Yana da taurin kai. Musu kuwa in ya kama, sai shayin kowa ya huce. Da sanyi ya sha zuwa Juma'a da wata hular gashi mai kunnuwa da ya zo da ita daga can, Liman ya yi magana har ya gaji ya sa masa ido.

Ya kasance kuma malamin 'ya'yanmu, a nan ne maganata take.

Kowace uwa a ɗakin nan ta san ciwon nan, ki yi wa ɗanki Hausa ya mayar miki da Turanci. Mun yi faɗa, mun yi barazanar tura su gida, babu abin da ya canja. Malam ya share garejinsa a Glenwood, ya jera kujerun roba, ya ce a kawo su duk Asabar da hantsi. Wata biyun farko yara hamma kawai suke yi. Ya ce da mu, "Me kuka ba su su karanta? Wa'azi da labarin zaɓe. Da ni ma haka aka koya mini Rashanci, da har yau da yatsa nake nuna burodi." Sai ya sauko da littattafan hikaya da ya zo da su daga Rasha, irin waɗanda matasan can ke karantawa a tsaye cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Akwai wani mai kauri da ya fi so. Ashe tun da daɗewa yana mayar da shi Hausa a hankali, da hannu, da alƙalamin tawada, cikin wani babban littafin rubutu mai baƙin bango da yake kira kaye, kamar yadda mutanen Nijar ke faɗi. Layin Rashanci a sama, Hausarsa a ƙasa.

Zan faɗi abin da ke ciki a taƙaice don a san a kan me aka yi rigimar. Wai a wani babban birni na can, cikin jama'a akwai waɗanda ba mutane ba ne, amma suna sa tufafi irin na kowa, suna hawa bas, suna zuwa aiki. Ƙungiya biyu ne, ba sa ga maciji. Akwai Masu Shara, su ne ke share ƙanƙara a titi. Akwai Masu Ajiya, su ne ke zama a ƙofar asibitoci da gidajen kallo suna karɓar rigunan sanyi na mutane su rataye. Duk wanda aka yi wa mutuwa, kafin kwana arba'in dukansu biyu za su zo masa. In ya bi Masu Shara, su share masa baƙin ciki tas, ya yi barci, ya koma sana'arsa, amma tare da ciwon za su share mamacin, muryarsa da fuskarsa har sunansa. In ya bi Masu Ajiya, su adana masa komai, babu abin da zai manta, ciwon kuma ba zai taɓa raguwa ba ko da ƙwayar gero. Masu Shara sun hana mutane da yawa halaka kansu, sun kuma bar uwa tana wuce kabarin ɗanta ba ta waiwaya ba. Masu Ajiya sun riƙe amana, sun kuma haukata wasu. Kowane ɓangare yana cewa shi ne mai tausayi, ɗayan azzalumi.

Yara suka kamu. Waɗanda ba sa iya haɗa gaisuwa suka koma musu da Hausa a bayan mota, wannan na cewa shi ɗan Shara ne, wancan na ce masa marar zuciya. 'Yata Salwa na cikinsu.

Ni hankalina bai kwanta ba tun farko. Wata Asabar na je ɗaukarta, na tsaya a bakin gareji na ce, "Malam, cikin aljanun nan naka, su wa ne mutanen kirki?" Ya ce, "Hajiya, mai littafin bai faɗa ba." Na ce, "To wa ya ci nasara a ƙarshe?" Ya ce, "Ya danganta da wanda kika tambaya." Na ce, "Mu tatsuniyar da aka yi mana, kafin a ce ƙurunƙus an san wanda ya yi daidai da wanda ya sha kunya. Littafin da bai san mai gaskiya ba, me zai koya wa yaro?" Ya yi dariya ya ce, "Halal da haram Liman na koya musu ranar Lahadi, ba na taɓa masa aikinsa. Ni abin da nake so su sani, wata rana za su tsaya tsakanin mutum biyu, kowanne na ƙaunarsu, kowanne zai cutar da su, kuma babu wanda zai zo da alama a goshi." Na ce masa wannan surutun 'yan gurguzu ne. Ya ce in shigo in sha shayi. Ban shiga ba.

Bayan wannan da 'yan watanni Allah ya karɓi Alhaji Haidar. Salwa na da shekara goma sha biyar. Ni yadda aka rene ni, haƙuri shi ne ka haɗiye. Na rabar da kayansa kafin in fita takaba, na sauke hotonsa daga bango, in na ga ta fara hawaye in ce, "Kul, ƙona shi kike yi." Na ɗauka tarbiyya nake yi. Yarinya ta daina magana. Ta rame, ta daina cin abinci da mu, in ta dawo makaranta ta kulle ɗaki. Na kai ta asibiti suka ce jikinta lafiya lau, in kai ta wurin masu ba da shawara. Na ce 'yata ba mahaukaciya ba ce.

Wata Asabar da safe tana wanka, na ɗaga katifarta zan canja zanin gado, sai ga kayen. Ban taɓa ganinsa ba, tunda ban taɓa shiga ajin ba. Mata, ku sa kanku a matsayina, ba don ku wanke ni ba, sai don ku ga yadda Shaiɗan ke shigowa ta ƙofar da muka fi tsarewa. Na buɗe na ga rubutun da ba boko ba, ba ajami ba, wasu haruffan kamar an juya musu baya. A shafin farko an zana gida-gida kamar hatimi, kowane gida da alamarsa, tsintsiya a nan, mabuɗi a can. A cikin gida ɗaya kuma, da jan alƙalami, ga sunan 'yata. Yarinya ta canja, ga abu a ƙarƙashin katifa, ga sunanta a ciki. Hausar da ke ƙasan layukan ban tsaya karanta ta ba, idona ya faɗa kan kalmar kabari na rufe. Na san inda ya fito, mutum ɗaya ne ke irin wannan rubutu a cikinmu. Na ce ashe aljanun ba a littafi suka tsaya ba.

Ban tambayi Salwa ba. Ban kira Malam ba. Ban fara kai wa Liman ba, ga shi nan zaune. Na yi abin da na ga kakata ta yi a Fagge ranar da aka tono laya a bakin ƙofarmu. Na ɗebo ruwa a bokiti na fita bayan gida, na zuba garin magarya, wannan dai da ya aiko mini ranar da ya wanke mijina. Na karanta abin da na sani na tofa, na nutsa kayen, na murje shi shafi-shafi da hannuna. Ruwan ya koma shuɗi kamar na marina. Na zuba shi a gindin bishiya don kar ya bi hanyar ƙazanta. Na ji sanyi a raina, na ce na ceci 'yata.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na ɗauki waya na yi maganar minti shida na tura zauren mata na waya. Ba zan maimaita duka ba, amma abu biyu sai na faɗe su, tunda su na zo janyewa. Na kira shi boka. Na ce ya zo mana da tsafin ƙasar da ba ta san Allah ba yana shayar da 'ya'yanmu. Kafin azahar iyaye sun je sun kwashe yaransu. Kafin sati kwamiti ya roƙe shi ya dakatar da ajin, kuma ba na ɗora wa kwamiti laifi, ni na kai musu wutar.

Washegarin ranar da na wanke kayen, da la'asar, ya zo ƙofata shi da Anti. Ya yi sallama, ya ƙi shigowa. Ya ce, "Hajiya, kayena na zo karɓa, sauran maganar a bar ta." Na miƙo masa a leda, yana ɗiga. Ya buɗe a nan tsaye. Ya ɗaga shafi, fari fat. Ya ɗaga wani, ya biyo hannunsa. Anti ta ce, "Kin san shekara nawa mutumin nan ya yi a kan abin nan? Tara. Kuma babu wani kwafi bayan shi, ko ɗaya, kraa." Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya ce, "Gidajen nan da kika gani, rabon karatu ne. Kowane yaro da wanda yake karanta maganarsa a aji. Salwa ita ce mai sayar da tikitin jirgi da ɗanta ya mutu. Da kin tambaye ni." Na ce, "Da kai ka tambaye ni kafin ka ba marainiya littafin mutuwa ta kai ƙarƙashin katifa." Ya ce, "Wannan kam gaskiyarki ce." Ya naɗe ledar ya sa a hammata ya tafi.

Har yau ina nan a kan wannan, bai kamata ya ba ta ba da sanina ba. Amma shi ya amsa laifinsa a tsaye a ƙofata cikin minti ɗaya. Ni nawa sai da ya ci shekara huɗu, sai da aka binne shi.

Kuma kar wani ya ce rashin sani ne. Na sani. Na ɗauki hoton shafin nan kafin in wanke, a cikin satin Liman ya gani ya ce, "Hajiya, wannan ba hatimi ba ne, jadawali ne. Ki je ki gyara." Na ce to. Na ce bari abin ya huce. Na ce sai bayan azumi. Na ce ai mutane sun manta, tono maganar zai fi ɓarna. Gaskiyar ita ce ni ce shugabar mata, ni ke tara 'yan mata ina musu faɗa a kan gulma, na kasa tsayawa a gabansu in ce na yi wa mutum ƙazafi.

Shi kuwa bai sake buɗe aji ba, bai sake taɓa fassarar ba, ya ce idonsa ya gaji. Wasu gidajen da aka yi rasuwa suka nemo mai wanka daga wani gari, yana ji yana gani. Duk da haka in mun haɗu a shagon nama na Gate City sai ya ce, "Hajiya, ina gajiya, ya yara?" In amsa ina kallon firji. Ragon layyata kuwa bai fasa zaɓa ba ko shekara ɗaya. Da aka ce zuciyarsa ta buga yana asibiti, na yi farfesu na ba Salwa ta kai, na ce in an sallame shi zan je gida da kaina. Ranar Talata da hantsi aka kira aka ce ya cika.

Muna tuƙa tuwon sadakar uku ni da Salwa a kicin. Yanzu tana jami'a, kuma shekara huɗu ba mu taɓa ɗaga maganar nan ba. Sai ta ce, "Mama, kin san abin da ya sa na ɓoye shi? A gidan nan an hana ni kuka. A cikin kayen akwai matar da ke kuka shafi ɗari, babu mai ce mata kul." Na ce, "To ita matar, wa ta bi a cikinsu?" Ta ce, "Ban sani ba. Saura babi biyu kika wanke." Ta ce sau uku tana komawa wurinsa ta roƙe shi ya faɗa mata ƙarshen da baki. Duk zuwa sai ya ce, "Je ki samo izinin Hajiya." Na ce, "Me ya hana ki tambaye ni?" Ta ce, "Ke fa, Mama, me ya hana ki tambaye ni?" Ta ci gaba da tuƙi. Mutumin da na kira boka shi ya tsare mini girmana a idon 'yata shekara huɗu, ni ban tsare masa mutuncinsa ba ko na wuni ɗaya.

To yanzu ku saurara, masu ɗauka a waya ku ɗauka da kyau. Ni Kubura, matar marigayi Alhaji Haidar, na ce Malam Mahamane boka ne. Ƙarya na yi. Abin da na gani littafin hikaya ne da jadawalin aji. Bai taɓa yi wa 'yata ko ɗan wani sihiri ba. Musulmi ne mai salla, wanda ya wanke mana gawa, ya tsare mana layya, ya so 'ya'yanmu su riƙe harshen iyayensu. Duk wadda ta tura waccan murya gaba, kun san kanku, ni ma na san ku. Ina roƙonku don Allah ku tura wannan takarda duk inda kuka tura waccan, ɗaya bayan ɗaya, kar ku tsallake kowa.

Iyaye mata, ban ce ku daina duba jakar 'ya'yanku ba. Ku duba, haƙƙinku ne. Ban ce kowane littafi alheri ba ne, akwai waɗanda ko a ƙofata ba zan bari su kwana ba. Amma abin da ba ki iya karantawa ba, nemi wanda ya iya kafin ki yanke hukunci, kuma ki tambayi ɗanki kafin ki tambayi zauren mata. Ku kuma yara da kuka zauna a garejin nan, 'yar Hausar da ke bakinku sadakarsa ce mai gudana. Wanda ya bar ta ta zube ya yanke masa lada. Chamsou, kana sakandare ka ji abin da aka ce da mahaifinka, ka haɗiye, ka ci gaba da gaishe ni. Daga yau ka ɗaga kanka. Babu abin kunya a gidanku, a gidana yake.

Anti Memunatu, na yi abin da kika ce iya inda hannuna ya kai. Ban ce ki amsa mini yau ba, ban ce ki amsa mini a gaban mutane ba. Amma shekaranjiya da na kai miki takardar nan ki duba, kin gaya mini wani abu, kika ce in na isa in faɗe shi shi ma. Zan faɗa.

Muryar nan tawa ba a Greensboro ta tsaya ba. Ta bi waya har Maraɗi, aka kunna wa mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda tun ranar da ya tafi Rasha take fargabar a ce ya bar addini. Ta sa aka kira shi ta ce, "Mahamane, ka tuba." Ya rantse mata. Ta ce, "Hajiya guda, mai takaba jiya-jiya, ba za ta yi maka ƙarya ba." Duk kiran da ya yi bayan nan, da wannan take rufe magana. Bayan wata huɗu ta rasu ba ta janye ba. Ya hana a gaya mini. Anti ta ce da ni, "Nawa zan iya yafewa in Allah ya ba ni iko. Na Inna ba a hannuna yake ba." Gaskiya ta faɗa. Takardar nan za ta shiga kowace waya, ban da wurin mutum biyun da suka fi kowa buƙatar jin ta. Wannan kayana ne, da shi zan tashi ranar tsayuwa.

Muna godiya ga duk wanda ya baro aikinsa ya zo, da matan da suka yi girki, da samarin da suka jera kujeru. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Mahamane, Ka yalwata kabarinsa, Ka wanke shi daga zunubi kamar yadda ya wanke mamatanmu. Ka ba Memunatu da Chamsou haƙurin da ba ya hana hawaye. Ya Allah, Kai ke isar da abin da mu ba mu iya isarwa. Ka sanar da tsohuwar nan a makwancinta cewa ɗanta bai taɓa barin hanya ba, Ka haɗa su a inda babu mai shiga tsakaninsu da magana. Ni kuma, wanda ya ga zuciyarsa za ta iya, ya sa ni a addu'a.

Malam Liman, ka ja mana Fatiha.